Araucaria, itacen ado mai rassa hawa-hawa

Araucaria heterophylla, wanda Faransawa ke kira pin de Norfolk, itace ne da ke zama kore shar rani da damina. Asalinsa tsibirin Norfolk ne, gabas da Ostareliya, inda Kyaftin Cook ya gan shi a 1774. A can tsawonsa kan haura mita 50.

Gane shi ba wuya. Gangar jikinsa miƙe take sak, rassa na fitowa a zagaye hawa-hawa, galibi biyar-biyar, ganyen ƙaraminsa kuma siriri ne mai laushi. Akan rikita shi da ɗan'uwansa Araucaria columnaris, amma wannan yakan karkace in ya girma.

Yana son laima da ƙasar da ruwa ba ya kwanciya. A garuruwa masu zafi irin Yamai ko Njamena, gara a bar shi cikin tukunya, inda zai sha hantsi amma ranar tsaka ba ta dukansa. Da hunturu a riƙa yayyafa wa ganyen ruwa, domin reshen ƙasa in ya bushe ya faɗi ba ya sake tohowa. Kada kuma a datse kansa, siffarsa ba za ta dawo daidai ba.