Yadda "run" ta ƙwace kambu daga hannun "set"

A bugu na biyu na babban ƙamus ɗin Ingilishi na Oxford, wanda ya fito a 1989, babu kalmar da ta kai "set" tsawon bayani: ma'anoni 430 aka jera mata a matsayin aikatau. Da aka shiga sabunta ƙamus ɗin, sai "make" da "put" suka sha gabanta, sannan a 2011 "run" ta wuce su duka da ma'anoni 645. Peter Gilliver, ɗaya daga cikin editocin, ya shafe wata tara a kan wannan kalma guda.

Asalin ma'anar "run" gudu ne, na ƙafa ko na ruwa. Zamanin injuna ne ya buɗe mata fage. Da masana'antu suka bunƙasa a Ingila, Bature bai ƙirƙiro sabon aikatau ba, sai ya ce injin yana "gudu". Da ita aka bayyana zirga-zirgar jirgin ƙasa, da tafiyar da kamfani, da tsayawa takara a Amurka, har zuwa aikin manhajar kwamfuta. "Set" kuwa kalmar ajiyewa da kafawa ce, kuma sabuwar duniyar ta motsi ce.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, wanda ke cin tuwo, ya ci kasuwa, ya ci jarrabawa, ya ci amana. Sai dai mai fassarar da ya san "run" da gudu kaɗai zai rubuta cewa ɗan takara yana gudun kujera, alhali kuwa nemanta yake yi.