Daga Zugazugi zuwa Zarton da Aka Zana a Allo

Kafin zuwan Turawa, yaron da ya taso a ƙauyukan ƙasar Wudil, irin su Ɗankaza, makarantu biyu gare shi: ta allo da ta sana'ar gidansu. Ɗan maƙeri da zuga yake farawa, ya daɗe yana lura da launin ƙarfe a wuta kafin a miƙa masa masaba. Ba a yi masa dogon bayani. In ya ɓata, a mayar da ƙarfen wuta ya sake.

Hanns Vischer, wanda aka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya fahimci darajar wannan tsari. A makarantar da ya buɗe a Nasarawa ta Kano cikin 1909, ya ware sashen sana'a, inda gwanayen gari ke koyar da dukanci da ƙira da saƙa. Sai dai akawu da malamai mulkin mallaka ya fi buƙata. Martaba ta koma ga alƙalami, aikin hannu ya zama mafakar wanda aka ce "ba ya ja".

Tsarin 6-3-3-4 na 1982 ya so gyara wannan. Aka shigo da injuna daga waje domin ƙananan sakandare, amma da yawansu suka yi tsatsa cikin akwatunansu, babu lantarki, babu malamin da ya iya sarrafa su. Aka riƙa zana zarto a allo, yara suna kwafa.

A 2001 aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil, wadda aka sa wa sunan Aliko Ɗangote a 2022. Ƙofar shigarta dai jarrabawar takarda ce, kuma a nan yaron da ya iya kwance injin ban-ruwa ya mayar yakan tsaya.