Injin Zuƙe Ƙura a Gwarinpa: Zuwansa da Makomarsa

Wanda yake son sanin tarihin injin zuƙe ƙura a ƙasarmu, wajibi ne ya fara duban abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa, domin muddin ɗakin Bahaushe daɓe ne, wanda mata suka taru suka buga da madaɓi suna waƙa, suka yayyafa masa makuba har ya yi sulɓi, aka shimfiɗa tabarma ko buzu a kai, to tsintsiya ta wadatar, babu wata hajar Turawa da za ta sami mai saye.

Asalin injin kuwa Ingila ne da Amurka. A 1901 wani injiniya, Hubert Cecil Booth, ya ƙera nasa a Landan, mai girman da sai doki ke jansa, a tsaya da shi a bakin titi a zura bututu ta taga. Amma wanda ya mai da shi abin ɗauka a hannu talaka ne, James Spangler, mai sharar wani kanti a garin Canton na jihar Ohayo, wanda ƙura ta addabi ƙirjinsa har ya haɗa motar fanka da sandar tsintsiya da rigar matashin kai a 1907, daga baya ya sayar wa William Hoover haƙƙin ƙirar, sunan attajirin ya shahara, na maƙerin ya kusa ɓacewa, kamar yadda al'adar duniya take.

A nan gida kuwa, Gwarinpa da ke Abuja ƙauyen Gbagyi ne kafin hukuma ta ƙaura daga Ikko zuwa Abuja a Disambar 1991, kuma a zamanin Janar Sani Abacha aka aza rukunin gidajenta, wanda ake cewa babu kamarsa girma a Afirka ta Yamma. Ma'aikatan da suka tare a waɗannan gidaje sun zo a lokacin da kafet daga bango zuwa bango shi ne alamar rufin asiri, alhali garin yana shan ƙurar hunturu da jar ƙasar gine-ginen da ba su ƙarewa. Sai ga buƙata ta tabbata, amma kuɗin sabo babu, saboda tun 1986, da aka karya darajar naira a mulkin Janar Babangida, sabon kayan lantarki ya fi ƙarfin mai albashi. Nan gwanjo ya shigo, kayan da ake kira Beljiyam, waɗanda jiragen ruwa ke saukewa a Ikko da Kwatano, su bi ta kasuwar Alaba, su hau mota zuwa Arewa.

A nan ne sana'ar masu gyara ta bayyana, kuma a ganina su ne suka cancanci ambato a wannan tarihi. Injin da aka yi wa Amurka wuta 120 yake sha, tamu kuwa 230 ce, wanda duk ya jona shi ba tare da taransifoma ba, ƙauri zai ji nan take. Mai gyara yakan kwance shi a kan benci, ya shinshina motar kafin ya taɓa komai, ya zare gawayin cikinta biyu da suka cinye ya fere wasu ya sa, in naɗin ya ƙone ya warware wayar tagulla ya sake naɗawa zagaye bayan zagaye, jakar takarda kuma, tunda ba a samunta a kasuwa, tela ya ɗinka ta yadi. Ilimi ne da ba a makaranta aka same shi ba, irin wanda tsohuwar kasuwar Panteka ta Kaduna ta daɗe tana yaye almajiransa.

Bayan haka tayil ya yi arha, matan gida suka gaji da kafet, aka naɗe shi aka fitar, injin ya koma sito. Mafi yawan waɗanda suka rage da rai yau suna masallatai, inda darduma ba ta gushe ba, da wuraren wankin mota. A Turai da Amurka akwai masu tara irin waɗannan tsofaffin injinan Hoover da Electrolux don sha'awa, suna goge su suna adanawa; a Gwarinpa kuwa, wanda ya gagari mai gyara ɗan gwangwan ke saye, ya fasa robar, ya ɗora tagullar a sikeli.