Amincewa a Matsayin Haja: Nazarin Dangantakar Sin da Sao Tome da Principe, 1975-2016

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda ƙasar Sao Tome da Principe ta sauya alƙibla sau biyu tsakanin Sin da Taiwan. An bi tarihin dangantakar daki-daki, an auna alƙawuran da aka ɗauka da abin da ya tabbata a ƙasa. Maƙalar ta gano cewa babbar hajar da ƙasar ke kaiwa kasuwar duniya ita ce amincewarta ta diflomasiyya, kuma darajar hajar tana faɗuwa da zarar ta bar hannun mai ita.

1.0 Gabatarwa

Sao Tome da Principe tsibirai ne biyu a Mashigin Tekun Gini, faɗinsu kusan murabba'in kilomita 1,000, jama'arsu kuwa sun ɗan haura 200,000. Koko ne babban abin da ƙasar ke fitarwa, kuma kaso mai tsoka na kasafin kuɗinta daga tallafin waje yake zuwa. Tambayar da maƙalar ke son amsawa ita ce: me ƙasa kamar Sin take nema a wurin wannan ƙaramar ƙasa?

2.0 Waiwaye

Ƙasar ta sami 'yancin kai daga Fotugal ranar 12 ga Yuli, 1975, kuma a shekarar ta ƙulla hulɗa da Beijin. A 1997 gwamnatin Shugaba Miguel Trovoada ta amince da Taiwan, sai Sin ta yanke hulɗa, domin sharaɗinta shi ne "Sin ɗaya tak". Taiwan ta saka da tallafi a fannin noma da lantarki da kiwon lafiya, musamman yaƙi da zazzaɓin cizon sauro, wanda ya ragu ƙwarai a tsibiran.

Sai dai yanke hulɗar bai hana ciniki ba. A 2001 Nijeriya da Sao Tome suka sa hannu a yarjejeniyar haƙar mai a yankin tekun da suka yi tarayya, Nijeriya na da kashi 60, Sao Tome na da 40. A 2006 kamfanin Sinopec na ƙasar Sin ya sami izinin aiki a wani sashe na yankin, alhali jakadan Taiwan na zaune a babban birnin ƙasar. A 2013 kuma Sin ta buɗe ofishin kasuwanci a can.

3.0 Sauyin 2016

Ruwa ba ya tsami banza. A 2015 gwamnatin Firaminista Patrice Trovoada, ɗan Miguel, ta cimma fahimtar juna da China Harbour Engineering Company kan gina tashar jiragen ruwa mai zurfi a Fernão Dias, aikin da aka ƙiyasta zai ci dala miliyan 800. Ranar 20 ga Disamba, 2016 ƙasar ta yanke hulɗa da Taiwan, ranar 26 ga watan kuma ministan harkokin wajen Sin, Wang Yi, da takwaransa na Sao Tome, Urbino Botelho, suka sa hannu a takardar maido da zumunci a Beijin. Taiwan ta ce an nemi kuɗin da ya fi ƙarfinta ne, ta ƙi biya.

Lokacin ma abin lura ne. Tsai Ing-wen ta hau mulkin Taiwan a Mayun 2016, kuma ranar 2 ga Disamba ta yi waya da Donald Trump, abin da ya harzuƙa Beijin. Ke nan Sao Tome ta kai hajarta kasuwa daidai lokacin da mai saye ya matsu.

4.0 Sakamakon Bincike

Sin ta karɓi nata nan take: ƙawayen Taiwan sun ragu da ɗaya, Burkina Faso ta bi sahu a 2018, Eswatini kaɗai ta rage mata a Afirka. Sao Tome ta sami tallafi, ta kuma shiga dandalin Makawo na Sin da ƙasashe masu amfani da harshen Fotugal a 2017, amma tashar Fernão Dias ba ta wuce takarda ba.

5.0 Kammalawa

Amincewa haja ce da ake miƙawa a rana ɗaya, kuɗinta kuwa bashi ne da ake biya da kaɗan-kaɗan. Saboda haka maƙalar na ba ƙananan ƙasashe shawarar su ɗaure kowane alƙawari da wa'adi da kuma tushen kuɗi a rubuce kafin su sa hannu.