Ruwan lagireto a motocin haibirid

Ruwan lagireto, wanda kanikawa da masu sayar da kayan mota ke kira kulant, ruwa ne da aka haɗa da sinadarai domin ya kwashe zafi daga injin mota ya kai shi lagireto, inda iska ke sanyaya shi. A motocin haibirid, wato masu aiki da fetur da lantarki a haɗe, wannan ruwa yana kuma sanyaya inbata, na'urar da ke juya wutar babban batir zuwa irin wutar da injin lantarki ke buƙata. Saboda haka zaɓensa da kula da shi sun fi muhimmanci a tsohuwar motar haibirid, musamman a wurare masu zafi da ƙura kamar arewacin Najeriya.

Abin da ya ƙunsa

Yawancin ruwan lagireto haɗi ne na tataccen ruwa da sinadarin etilin gilaikol, wanda aka fara amfani da shi a motoci tun shekarun 1920. Ana ƙara masa magungunan hana tsatsa da kuma rini. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100 na ma'aunin Salshiyas, amma idan aka haɗa shi rabi da rabi da gilaikol, sai ya kai kimanin digiri 107 kafin ya tafasa, kuma ba ya daskarewa sai sanyi ya kai kusan digiri 35 ƙasa da sifili. Murfin lagireto yana riƙe matsi a cikin bututai, wannan matsi kuwa yana ɗaga matakin tafasar zuwa sama da digiri 120.

Ruwa ya fi gilaikol iya ɗaukar zafi, don haka zuba gilaikol mai kauri ba tare da sirki ba yana rage sanyayawa. A ƙasar da ruwa ba ya daskarewa, babban amfanin haɗin shi ne hana tsatsa da cinyewar alminiyam, da kare robar famfon ruwa, da jinkirta tafasa.

Tsarin sanyaya a motar haibirid

Kamfanin Toyota ya fitar da Prius a Japan a watan Disamba na 1997, kuma ita ce motar haibirid ta farko da aka ƙera da yawa don kasuwa. Lexus RX 400h da Highlander Hybrid sun biyo baya a 2005, sai Camry Hybrid a 2006. Waɗannan motoci suna da hanyoyin ruwa biyu da ba sa haɗuwa, kowacce da tulunta na roba. Ta farko tana zagaya injin fetur, ta biyu tana zagaya inbata da ɓangaren injin lantarki, kuma ƙaramin famfo mai aiki da lantarki ne ke tura ruwanta. Babban batirin tsofaffin Prius ba ruwa ke sanyaya shi ba, fanka ce ke jawo masa iska daga cikin mota.

Kowane zubi yana da nasa bambanci. Prius ta 2004 zuwa 2009 da aka yi wa kasuwar Amurka tana da wani tanki mai kama da filas, wanda ke ajiye kimanin lita 3 na ruwan zafi domin ɗumama inji lokacin tayarwa. A zubi na uku, wanda ya fito a 2009, an cire bel, famfon ruwan inji ma ya koma na lantarki. A watan Nuwamba na 2012 Toyota ta yi kiranyen Prius ta 2004 zuwa 2009 saboda famfon ruwan inbata da kan iya tsayawa. Idan famfon ya tsaya, inbata tana yin zafi, na'urar bincike kuma takan nuna lambar P0A93.

Nau'o'i da zaɓi

Ana rarraba ruwan lagireto bisa maganin hana tsatsar da ke cikinsa. Tsohon nau'i, IAT, galibi kore ne, yana ɗauke da silikat da fosfat, kuma ƙarfinsa yana ƙarewa cikin kimanin shekara biyu. Nau'in OAT yana amfani da asid na halitta kuma yana daɗewa. Misalinsa shi ne Dex-Cool na kamfanin General Motors. Nau'in HOAT ya haɗa hanyoyin biyu. Kamfanonin Japan suna guje wa silikat suna amfani da fosfat, na Turai kuwa suna guje wa fosfat, domin yana haɗuwa da ma'adinan ruwa ya zama laka.

Littafin Prius na 2004 zuwa gaba ya ambaci Toyota Super Long Life Coolant, mai launin hoda, ko makamancinsa: na etilin gilaikol, marar silikat, marar amin, marar naitirait, marar boret. Yana zuwa a sirke rabi da rabi, ba a ƙara masa ruwa. Motocin da suka gabaci wannan lokaci sun zo da Toyota Long Life Coolant, mai launin ja, wanda ake sirkawa da tataccen ruwa. Launi rini ne kawai, kamfanoni dabam-dabam suna sa launi ɗaya ga haɗi mabambanta, saboda haka rubutun jikin galan ake dubawa. Cakuɗa nau'o'i biyu yana rage ƙarfin maganin hana tsatsa, wani lokaci har ya haifar da guda-guda masu toshe ƙananan hanyoyin inbata.

Lokacin canji

Ga ruwa mai launin hoda, Toyota ta sanya canjin farko na ɓangaren inji a mil 100,000, wato kilomita 160,000, ko shekara 10. Bayan haka ana canzawa duk kilomita 80,000 ko shekara 5. Mai launin ja yana buƙatar canji kusan duk shekara biyu. Yawancin motocin haibirid da ke shigowa Najeriya na hannu ne, ta tashar Legas ko ta Kwatano, kuma da yawansu sun haura shekara 10. Tun da mai saye ba ya samun tarihin gyaran motar, kanikawa masu sanin haibirid sukan fara da zubar da ruwan hanyoyin biyu a zuba sabo. Bayan canji dole a fitar da iskar da ta maƙale a bututai, domin kumfar iska tana hana famfon lantarki tura ruwa.

Yanayin Kano da Dawanau

Cire tallafin man fetur da Shugaba Bola Tinubu ya sanar ranar 29 ga Mayu 2023 ya ƙara jawo hankalin masu mota ga motoci marasa shan mai. A Kano zafin rana yakan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, hunturu kuma yana zuwa da ƙura daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A Dawanau, da ke ƙaramar hukumar Dawakin Tofa a kan hanyar Katsina, akwai ɗaya daga cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma. Motoci sukan daɗe a cunkoso tsakanin tireloli, ƙaiƙayi da ƙura kuma suna liƙewa a haƙarƙarin lagireto su tare iska. Wanke su da ruwa marar ƙarfi yana dawo da sanyayawa.

Al'adar da ta fi yi wa waɗannan motoci illa ita ce cika lagireto da ruwan rijiya, na burtsatse ko na leda. Irin wannan ruwa yana ɗauke da ma'adinai kamar kalsiyam da magneziyam, waɗanda ke daskarewa a jikin ƙarfe kamar farin da ke kama gindin butar shayi. Tataccen ruwa kaɗai ya dace da sirki. Sunan "ruwan batir" a kasuwa yana iya nufin tataccen ruwa, yana iya nufin mai asid, kuma mai asid yana cinye alminiyam.

Wata al'adar ita ce cire tamosta, bisa tunanin cewa ta ƙasashen sanyi ce. A motocin Toyota tamosta tana buɗewa a kusan digiri 82. Kwamfutar haibirid tana duba zafin ruwa kafin ta kashe injin fetur ta koma lantarki. Idan babu tamosta, injin yana jinkirin ɗumama, sai ya daɗe yana aiki, man da aka sayi motar don adanawa ya ƙone.

Dubawa da alamomin matsala

Ana duba tuluna biyun ne idan mota ta huce, ruwan ya kasance tsakanin layin ƙasa da na sama. Idan an kunna motar, motsin ruwa a tulun inbata alama ce cewa famfo yana aiki. Prius ta 2004 zuwa 2015 ba ta da allurar nuna zafi, fitilar gargaɗi kawai gare ta, wadda ba ta kamawa sai zafin ya yi yawa. Ruwan da ya koma launin ƙasa yana nuna tsatsa. Busasshen ɓawo mai launin hoda a jikin famfo ko tiyo yana nuna yoyo. Raguwar ruwa ba tare da ɗiga ba, da farin hayaƙi, da jijjigar inji da safe, alamu ne na lalacewar gasket ɗin kan silinda, matsalar da aka san Prius ta zubi na uku da ita idan ta yi tafiya mai yawa.

Haɗari

Buɗe murfin lagireto yana da zafi yana iya watsa tafasasshen ruwa a fuska. Muddin alamar READY tana kunne, injin fetur yana iya tashi da kansa, don haka ana kashe motar gaba ɗaya kafin a sa hannu. Wayoyi masu launin lemo suna ɗauke da wuta mai ƙarfi: batirin Prius yana ba da sama da bolt 200, tsarin kuma yana ɗaga ta zuwa 500 a zubi na biyu da 650 a na uku. Etilin gilaikol guba ne mai zaƙi da ke lalata ƙoda, kaɗan daga cikinsa yana iya kashe yaro ko dabba. A garuruwan da awaki da tumaki ke yawo kusa da gareji, ana tara tsohon ruwan a jarka mai murfi, ba a zubar da shi a ƙasa, a kwata ko kusa da rijiya. Wanda ya sha shi bisa kuskure ana gaggauta kai shi asibiti tun kafin alamu su bayyana.