Daga Binciken Asali Zuwa Takardar Gwaji

A Dutsi da garuruwan da ke tsakaninta da Daura, tun kafin a san asibiti ba a ɗaura aure sai an yi bincike. Idan saurayi ya turo magabatansa, gidan yarinya sukan tashi wani dattijo ko gwaggo a bi diddigin danginsa: ko akwai kuturta, ko farfaɗiya, ko taɓin hankali. Magana ce ta baki, a zaure ko a tsakar gida, kuma duk wanda aka gaya wa ya gane abin da ake nufi. Sai dai wannan bincike ba ya hango amosanin jini, wato sikila, domin uwa da uban da ke ɗauke da shi lafiyarsu ƙalau. Gidan da yara ke rasuwa a jere sai a ce wabi ne, a koma ga rubutun sha da laya.

Ilimin da ya warware wannan ya zo daga nesa. A 1910 likita James Herrick ya bayyana ƙwayoyin jini masu siffar lauje a Amurka, a 1954 kuma Anthony Allison ya nuna cewa mai ɗauke da rabin gadon yana samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro, dalilin da ya sa gadon ya yawaita a ƙasashenmu. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar a Garki, cikin Jigawa ta yau, a shekarun 1970, ya gano kusan jarirai 2 cikin 100 da cutar ake haihuwarsu, kuma ƙalilan ne ke kaiwa girma. A 2024 Kano ta mai da gwajin jini kafin aure doka.

Abin da aka rasa a wannan sauyi shi ne bayani. Yau ana miƙa wa ango 'yar takarda mai haruffa biyu, AS, alamar mai ɗauke da rabin gadon, da hatimi da sa hannu, ya ninke ta ya kai wa liman. Ba kowa ake zaunar da shi a faɗa masa cewa idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila ba, kuma lissafin sabo yake komawa a kowace haihuwa. Shi ya sa wasu ke zaton idan ɗan fari ya zo da sikila, uku na bayansa sun tsira.

Za a ce aikin takarda shi ne tabbatar da sakamako, bayani kuma na likita ne. Amma likitan da ke da layin marasa lafiya har ƙofa ba shi da wannan lokacin, takardar ce ke bin mutum gida. Za a kuma ce mutanen karkara ba sa karatu, alhali da yawansu suna karanta ajami tun daga makarantar allo, kuma waliyyin da bai karanta ba yana da mai karanta masa. Masu cewa komai ƙaddara ce su tuna kakanninsu ma sun yarda da ƙaddara, suka kuma yi binciken asali.

Matsalar ta fi tsanani ga ma'auratan da suka riga suka haɗu. Tun 1990 aka fara gwada ɗan tayi a Landan kafin a dasa shi a mahaifa, kuma ana yin hakan a Legas da Abuja kan miliyoyin naira. Takardun amincewar da ake sa wa hannu da Turancin likitoci suke, kuma mutumin Dutsi da ya sayar da gona ya je can zai sa hannu ne bai san cewa dashen kansa yana iya ƙin kamawa ba.