Saje La David Johnson (1992–2017)

La David Johnson sojan Amurka ne, ɗaya daga cikin Amurkawa huɗun da aka kashe a kwanton ɓaunar Tongo Tongo, a jihar Tilaberi ta Nijar, ranar 4 ga Oktoban 2017. Haifaffen Miami ne a jihar Florida. Ya shiga soja a 2014 a matsayin makanikin mota, aka tura shi runduna ta 3 ta dakaru na musamman.

Tawagarsu, Amurkawa da 'yan Nijar, ta tashi daga Walam ranar 3 ga wata, aka karkata ta zuwa kusa da iyakar Mali neman wani kwamandan 'yan bindiga, Doundou Chefou. Ba su same shi ba. A hanyar dawowa suka tsaya Tongo Tongo ɗiban ruwa, fitarsu ke da wuya mayaƙan IS na yankin Sahara suka buɗe musu wuta. Gawarwakin sauran Amurkawan uku, Bryan Black da Jeremiah Johnson da Dustin Wright, an ɗauke su a ranar. Ta La David sai 6 ga wata aka gano ta.

Waɗannan kwana biyu su ne tushen saɓani kan yadda ya mutu. A Nuwamba jaridar Washington Post ta ruwaito mutanen ƙauyen suna cewa sun ga gawar hannuwa a ɗaure, abin da ke nufin kama shi aka yi da rai. Rahoton sojin Amurka na Mayun 2018 ya musanta haka. Ya ce wuta ta hana shi shiga motarsa, ya ruga a ƙafa tare da sojojin Nijar biyu, aka harbe su biyun, shi kuwa ya yi kusan kilomita guda, ya fake ƙarƙashin wata bishiya mai ƙaya yana mayar da wuta har aka kashe shi. Wannan ruwaya ta fi ƙarfi, don ta dogara ne ga binciken gawa da kwanson harsasan da aka tsinta a wurin. Inda rahoton ya yi rauni shi ne rabon laifi: ƙananan hafsoshi ne suka fi ɗaukar nauyin, iyalan mamatan kuma ba su gamsu ba.

Sojojin Nijar aƙalla huɗu sun mutu a wannan rana, amma jaridun Amurka sun fi ɓata tawada kan cacar bakin da ta biyo bayan kiran ta'aziyyar Shugaba Trump ga matar marigayin.

An ba La David lambar jarumta ta Silver Star a 2019. Sojojin Amurka sun gama ficewa daga Nijar a Satumban 2024.